Haihuwa Bayan Shekara 35: Bayani ga Ma'aurata a Zongon Lome

Godiya ta tabbata ga Allah da ya halicci ɗan Adam daki-daki a cikin mahaifa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa, akwai wata magana da ake yi ƙasa-ƙasa a ɗaki, ba a cika jin ta a kan mumbari ba. Ita ce maganar matar da ta haura shekara 35 tana neman haihuwa, ko ta samu ciki tana fargabar lafiyar abin da ta ɗauka. Irin waɗannan mata ba su da wuyar samu a Agoè-Zongo da Togblékopé. Akwai bazawarar da ta sake aure tana da shekara 38, da 'yarmu da ta tsaya sai da ta gama Jami'ar Lome, da matar direban babbar mota wanda ke lodi zuwa Wagadugu ko Yamai ya shafe makonni bai kwana gida ba, da kuma uwar 'ya'ya bakwai da ta ga alamar na takwas tana da shekara 43.

Abin da muke so a riƙe daga wannan bayani shi ne, a sha'anin haihuwa babu abin da ya kai lokaci tsada. Jikin mace yana da lokacinsa, gwajin asibiti yana da nasa, hukuncin Shari'a ma yana da nasa. Wanda ya je da wuri yana da zaɓi, wanda ya makara kuwa sai abin da ya tarar.

Abin da shekaru ke yi wa haihuwa

Jikin namiji yana ƙera sabon maniyyi har tsufansa. Mace kuwa da ƙwayayenta ake haifar ta, ba a ƙara mata ko ɗaya daga baya. Jaririya tana zuwa duniya da ƙwai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2. Kafin ta balaga sun koma tsakanin 300,000 da 500,000. A shekara 37 saura kimanin 25,000, lokacin ɗaukewar al'ada kuma, wajen shekara 50, bai fi 1,000 ya rage ba. Likitocin haihuwa na Amurka sun ƙiyasta cewa lafiyayyar mace 'yar shekara 30 tana da damar samun ciki kashi 20 cikin 100 a kowane wata, 'yar shekara 40 kuwa ƙasa da kashi 5.

Ingancin ƙwan ma yana raguwa tare da yawansa. Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da wasu zaruruwa 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. A cikinsu ne gado yake: kama, launi, tsawo, har da wasu cututtuka. Ƙwan da ya daɗe a ajiye yakan yi kuskure wajen rabon zaruruwan nan, ya zo da ƙari ko ragi. Mafi yawan irin wannan ciki ba ya zama, shi ya sa ɓari ke ƙaruwa da shekaru. Wani bincike da aka buga a 2019 kan ciki fiye da 400,000 a ƙasar Norwe ya nuna ɓari kashi 10 cikin 100 ga mata 'yan 25 zuwa 29, kimanin kashi ɗaya cikin uku ga 'yan 40 zuwa 44, ya kuma haura rabi ga waɗanda suka kai 45. Saboda haka matar da ta yi ɓari a waɗannan shekaru kada a yi saurin ɗora wa kishiya ko maƙwabciya. Sau da yawa dalilin yana cikin ƙwan tun ranar farko.

Cikin waɗanda ke rayuwa har haihuwa, wanda aka fi sani shi ne tirisomi 21, wato ciwon Down, wanda wasu kafofin Hausa ke kira galahanga. Yaro ne da ya zo da zare uku a lamba ta 21 maimakon biyu, kamar yadda likitoci suka gano a Faris a 1959. Ga uwa 'yar shekara 25, ana samun ɗaya cikin haihuwa kimanin 1,250. A shekara 35 ɗaya cikin 350, a shekara 40 ɗaya cikin 100, a shekara 45 ɗaya cikin 30. Amma a karanta lissafin ta ɗaya fuskar: cikin mata 100 da suka haihu suna da shekara 40, 99 ba su haifi mai wannan larura ba.

Shekarun uba ma suna da nasu tasiri, duk da bai kai na uwa ba. Bayan shekara 40 zuwa 45 ingancin maniyyi yana raguwa a hankali, kuma wasu larurorin gado da ba a cika gani ba suna ɗan ƙaruwa.

Yaushe za a je asibiti, kuma su wa za su je?

A rahotonta na Afrilun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, a ƙasashe masu arziki da matalauta kusan daidai. A wurin likitoci, ana cewa akwai matsala idan ma'aurata sun yi wata 12 suna tare, ba tsarin iyali, ciki bai samu ba. Idan matar ta kai 35, wata 6 kawai ake jira. Idan ta kai 40 ba a jira, ana zuwa ne kai tsaye.

Abin da muka saba gani shi ne akasin haka. A yi shekara biyu ana jiƙe-jiƙe, a yi uku ana bin masu magani daga Kumasi zuwa Kwatano, sai matar ta kai 42 sannan a tuna da asibiti. Addu'a wajibi ce a kanmu, ba ta da madadi, amma ba ta hana neman magani. A hadisin Usama bin Sharik da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya umarci mutane da neman magani, ya sanar da su cewa kowace cuta tana da maganinta, ya cire abu ɗaya kawai, wato tsufa. Toshewar hanyar ƙwai tana da abin yi, ƙarin mahaifa yana da abin yi. Tsufan ƙwai ne babu likitan da zai iya mayar da shi baya.

Miji da mata ne za su je tare. A kusan rabin gidajen da haihuwa ta yi wuya, akwai gudummawar matsala daga wajen namiji. Gwajinsa kuwa, wanda ake kira sifermogiram, shi ne mafi sauƙi da araha, ba allura ba yanka. Wani zai ce ai yana da 'ya'ya da uwargida. Wannan shaida ce ta shekarun baya. Ciwon sanyi, ciwon suga, kumburin jijiyoyin maraina, hangum da ya kama mutum bayan balaga, taba da ƙwayoyi irin su taramol, duk suna iya canza halin namiji daga baya. Maigidan da ya ƙi gwaji ya bar matarsa tana shan magani shekara da shekaru yana cinye mata lokacin da ba zai iya biya ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya umarci wani mutum da ya san ba ya haihuwa da ya sanar da matar da ya aura, ya kuma ba ta zaɓi. Haihuwa haƙƙin mace ne kamar yadda take haƙƙin namiji.

A ɓangaren mace, likita zai duba mahaifa da ekogirafi, wato hoton ciki. Zai nemi hoton hanyoyin ƙwai da ake kira HSG don ya ga ko sun toshe, da gwajin jini kamar AMH wanda ke nuna kimanin ƙwan da ya rage. Wani babban bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka buga a 1985 ya gano cewa a Afirka mafi yawan rashin haihuwar mata yana da alaƙa da cututtukan da suka shiga mahaifa suka lalata hanyoyin ƙwai, ko daga ciwon sanyi, ko bayan ɓari ko haihuwar da ba a kula da tsabta ba. Wannan ne ya sa muke yawan ganin matar da ta haihu ɗaya ko biyu sai abin ya tsaya. Ana iya farawa daga asibitin unguwa, ungozomar asibiti ta tura mutum wajen likitan mata a CHU Sylvanus Olympio da ke Tokoin, ko CHU Campus, ko wani asibiti mai zaman kansa.

Sai kuma maganar kwanciyar ciki. Idan al'ada ta ɗauke wa mace 'yar shekara 43, yana iya zama ciki, yana iya zama farkon ɗaukewar al'ada, idan kuma mara ta kumbura yana iya zama ƙari. Gwajin fitsari da ekogirafi suna raba gardama a rana ɗaya. Duk mai maganin da ya ce miki kina da cikin da na'ura ba ta gani, ya kuma hana ki zuwa asibiti, ki guje shi. A 2024 BBC ta bankaɗo irin wannan damfara a jihar Anambra ta Najeriya, inda ake karɓar maƙudan kuɗi a hannun mata, a ƙarshe a miƙa musu jariran da aka rabo da iyayensu.

Dashen ƙwai da iyakokinsa

Idan magani ko tiyata ba su wadatar ba, akwai dashen ƙwai, wanda a takardun Faransanci ake rubutawa FIV. Ana ciro ƙwan mace, a haɗa shi da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, bayan kwana uku zuwa biyar a mayar da shi mahaifarta. An haifi jaririyar farko ta wannan hanya, Louise Brown, ranar 25 ga Yulin 1978 a Ingila. Najeriya ta samu nata na farko a Legas a 1989, Gana a Tema a 1995, a nan Lome kuma an san asibitin Biasa da wannan aiki tun ƙarshen shekarun 1990.

Malaman Musulunci ba su yi jinkirin duba lamarin ba. A Maris na 1980 Muftin Masar na lokacin, Shaikh Jadul Haƙƙ, ya ba da fatawar halaccinsa tsakanin miji da matarsa. A Oktoban 1986 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman, ta duba hanyoyi bakwai, ta halatta biyu ta haramta biyar. Ma'aunin guda ɗaya ne, wato kiyaye nasaba. Maniyyi ya zama na miji, ƙwai na matarsa, mahaifa tata, kuma aurensu yana nan. Maniyyin wani, ƙwan wata, ko hayar mahaifa duk ba su halatta ba.

A nan ne ya kamata a buɗe ido. Alƙaluman hukumar da ke sa ido kan wannan aiki a Birtaniya suna nuna cewa, da ƙwan mace na kanta, ana samun haihuwa kusan sau ɗaya cikin dashe uku ga 'yan ƙasa da 35, kusan ɗaya cikin goma ga 'yan 40 zuwa 42, sannan kimanin kashi 5 cikin 100 ga 'yan 43 zuwa 44. Labaran da muke gani a WhatsApp na mace 'yar shekara 55 ta haifi tagwaye bayan dashe, kusan dukkansu da ƙwan wata matashiya aka yi. Saboda haka kafin a sa hannu a takarda, a tambayi likita baki da baki: ƙwan wa za a yi amfani da shi? Mene ne rabon nasara ga mai shekarun matata, ba na asibitin gaba ɗaya ba? Nawa ne kuɗin zagaye ɗaya har da magunguna? Yaya ake kiyaye samfur kada ya cakuɗe da na wasu? Aiki ne mai tsada ƙwarai, kuma babu tabbacin nasara. Kada a sayar da fili ko jarin kasuwa sai an ji amsar waɗannan tambayoyi.

Gwajin jini kafin ciki: ba AS kaɗai ba

Akwai cututtukan gado da ba ruwansu da shekarun uwa, babbarsu a wurinmu ita ce amosanin jini, wato sikila. Idan miji AS ne, mata AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Lissafin sabo ne a kowane ciki. Haihuwar 'ya'ya uku lafiyayyu ba ta nufin na huɗu sai ya zo da ita, haihuwar mai ita ɗaya kuma ba ta kare na bayansa. Bazawarar da ta haifi lafiyayyun 'ya'ya da mijinta na farko, lissafinta ya canza da sabon miji.

Zongo gari ne na haɗuwa. Tun a tsohon Zongo na tsakiyar birni, kafin a tashe shi a 1977 a dawo da iyayenmu nan arewacin Lome, Hausawa suke auratayya da Kotokoli, Mosawa, Zabarmawa, Yarabawa da Dagomba. Wannan yana da muhimmanci, domin akwai wani nau'in jini da ake kira C, wanda ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, kuma yana da yawa a Togo da Benin. Mai AS idan ya auri mai AC, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo SC, wanda shi ma sikila ne, yana kawo ciwon ƙashi, matsalar ido da wahala lokacin goyon ciki.

A lura da kurakurai biyu. Na farko, rukunin jini na A, B ko O daban yake da wannan gwaji. Na biyu, gwajin Emmel mai araha da ake yi a ƙananan ɗakunan gwaji S kawai yake ganowa. Ba ya ganin C, ba ya kuma bambance AS da SS. Wanda ake buƙata shi ne elektoroforez na jini. A Lome akwai cibiyar ƙasa ta bincike da kula da masu sikila, CNRSD, inda ake samun gwaji da shawara. A daidai wannan lokaci mace ta san ko jininta Rezus negatif ne, domin idan haka ne tana iya buƙatar wata allura cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari don kare ciki na gaba. Masu auren zumunta, da waɗanda aka taɓa haifar yara masu larura iri ɗaya a danginsu, su faɗa wa likita tun farko.

Saudiyya ta wajabta gwajin sikila kafin aure tun 2004, jihar Kano kuma ta sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a Mayun 2024. A zamanta na Riyad a Nuwamban 2013, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta halatta gwajin gado kafin aure, ta kuma halatta gwada ƙwan da aka haɗa kafin a mayar da shi mahaifa, da sharaɗin a tsare shi daga cakuɗuwa. Ta wannan hanya ma'aurata AS biyu da ke yin dashe suna iya zaɓar ƙwan da ba SS ba, amma ba kowane asibiti ke yi ba, kuma tsada ce a kan tsada.

Gwaje-gwajen da ake yi bayan ciki ya samu

Iri biyu ne, kuma rashin bambance su ya jefa iyalai da yawa cikin tashin hankali. Akwai gwajin tantancewa, wanda ke cewa haɗari ya yi yawa ko kaɗan ne. Akwai gwajin tabbatarwa, wanda ke cewa akwai ko babu.

Na tantancewa na farko shi ne ekogirafi tsakanin mako 11 da ƙarshen mako 13, inda ake auna kaurin ruwan da ke ƙeyar ɗan tayi. Idan aka haɗa shi da gwajin jinin uwa da shekarunta, yana gano kimanin 85 zuwa 90 cikin 100 na masu tirisomi 21. Na biyu shi ne wanda ake kira DPNI. A 1997 wani masani ɗan Hong Kong, Dennis Lo, ya gano cewa gutsattsarin gadon ɗan tayi suna yawo a jinin uwa, daga 2011 kuma aka fara amfani da haka a asibitoci. Jinin hannu kawai ake ɗiba daga mako 10, kuma yana gano kusan 99 cikin 100 na tirisomi 21. A ƙasashen yankinmu sau da yawa sai an aika jinin waje, don haka a tambayi kuɗinsa da kwanakin da sakamako zai ɗauka. Duk da ƙarfinsa, tantancewa ne kawai. Yana iya nuna haɗari alhali yaron lafiyarsa ƙalau.

Na tabbatarwa su ma biyu ne. Ana tsakuro ɗan abu daga mabiyiya tsakanin mako 11 da 14, ko a zuƙo ruwan da ɗan tayi ke ciki da siririyar allura daga mako 15. Suna nuna tirisomi, suna kuma iya nuna sikila. Suna da ɗan haɗarin jawo ɓari, wanda a hannun ƙwararre bai wuce ɗaya cikin 200 ba. Daga baya akwai babbar ekogirafi tsakanin mako 18 da 22, wadda ke duba zuciya, ƙwaƙwalwa, ƙashin baya da ƙoda. Babu gwajin da ke ganin komai, kuma babu wanda yake dole. Ma'aurata suna da damar cewa suna so ko ba sa so.

Lissafin likita da lissafin malami

Hadisin Abdullahi bin Mas'ud da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya bayyana matakai uku na halitta, kowane kwana 40, kafin a busa rai. Daga nan malamai suka ɗauki kwana 120. Amma malami yana ƙirgawa ne daga shigar ciki, likita kuwa daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, wato ya riga shi da mako biyu. Kwana 120 na malami ya yi daidai da kimanin mako 19 a katin awo. Kwana 40 kuwa bai cika mako 8 ba, lokacin da babu ɗaya daga gwaje-gwajen nan da aka fara.

Bayan kwana 120, malamai sun haɗu a kan haramcin zubar da ciki, sai idan ran uwa ne ke cikin haɗari tabbatacce. Kafin nan akwai saɓani. Mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu ke bi ita ce ta fi tsanantawa, domin mashahurin zance a cikinta shi ne hani ko kafin kwana 40, ko da yake Imam Lakhmi ya sassauta kafin kwana 40. A Fabrairun 1990 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke cewa ana iya zubarwa kafin kwana 120 idan kwamitin ƙwararrun likitoci amintattu ya tabbatar da nakasa mai tsanani da ba ta da magani, wadda za ta mayar da rayuwa azaba ga yaron da iyalinsa, kuma iyaye ne suka nema. Dokar Togo kan lafiyar haihuwa ta 2007 ita ma ta buɗe ƙofa idan ciwon ɗan tayi ya tsananta ƙwarai, amma abin da doka ta bari daban, abin da Shari'a ta halatta wa mutum daban.

Kada kowa ya ɗauki wannan fatawa ya yanke wa kansa hukunci. Larurori ba ɗaya suke ba. Masu tirisomi 13 ko 18, da waɗanda ƙwaƙwalwarsu ba ta ginu ba, mafi yawansu suna rasuwa a ciki ko jim kaɗan bayan haihuwa. Mai tirisomi 21 kuwa yana rayuwa, yana tafiya, yana magana, yana koyon karatu da sana'a gwargwadon halinsa, a ƙasashen da ake kula da su suna kai shekara 60. Shi ya sa malamai da yawa ba sa sanya shi cikin waccan fatawa. Haka mai sikila, wanda da rigakafi da magani yake girma ya yi aure. Wanda ya tsinci kansa a irin wannan hali ya zauna da likitan da ya san ciwon da malamin da ya san fiƙihu, da rubutaccen sakamakon gwajin tabbatarwa a hannu.

To, wanda ya ƙudurce ba zai taɓa cikin ba ko me aka gani, gwaji yana da amfani gare shi? Yana da shi. Kusan rabin masu tirisomi 21 suna zuwa da matsalar zuciya. Idan an sani tun wuri, za a haihu a babban asibiti inda likitan yara yake, a duba zuciyar jaririn, a shirya wa shayarwa, a kuma shirya zukatan dangi. Yaron nan ba ɗan ruwa ba ne, ba kuma alhakin wani uwarsa ta ɗauka ba. Ɗa ne kamar kowa, yana da haƙƙin suna, gado, tarbiyya da makarantar allo.

Kada a manta da uwar

Ciki bayan shekara 35 yana ƙara haɗarin hawan jini, jijjiga, ciwon suga na masu ciki da haihuwa ta tiyata. Macen da ta haihu sau da yawa kuma tana da ƙarin haɗarin zubar jini bayan haihuwa, don haka sabo da naƙuda ba dalili ba ne na haihuwa a gida. Mai neman ciki ta fara shan ƙwayar folik asid, mikirogiram 400 kullum, tun kafin ya samu, domin tana rage nakasar ƙashin baya da ƙwaƙwalwa. Mai hawan jini ko suga ta ga likita tukuna, saboda wasu magungunan ba su dace da ciki ba.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar awo sau 8, na farko cikin mako 12 na farko. Shirin Wezou da gwamnati ta ƙaddamar a Agustan 2021 yana ɗauke wa masu ciki wani ɓangare na kuɗin awo da haihuwa, sai a yi rajista a asibitin gwamnati a kuma tambayi abin da ya ƙunsa. Mun san al'adarmu ta ɓoye ƙaramin ciki saboda kunya ko tsoron baki. A ɓoye wa maƙwabta, wannan ba laifi. Amma wadda ta ɓoye wa ungozoma har wata biyar ta wuce gwajin mako 11, ta wuce na mako 15, ta kuma wuce kwana 120.

Daga ƙarshe

Ayoyi na 49 da 50 na Suratus Shura sun kasa mutane huɗu a sha'anin haihuwa: masu 'ya'ya mata, masu maza, masu duka biyu, da waɗanda ba a ba su ba, kuma duk rabon na Allah ne. Annabi Zakariyya da Annabi Ibrahim (AS) sun samu haihuwa bayan tsufa, don haka ba a yanke ƙauna. Uwar Muminai A'isha (RA) kuma ba ta haihu ba, ana yi mata alkunya da sunan ɗan 'yar'uwarta Abdullahi bin Zubair, kuma hakan bai rage mata daraja ba. Wanda ya bi duk hanyar halal bai samu ba, ƙofar riƙon maraya a buɗe take, muddin an bar yaro da nasabar mahaifinsa.

Muna kira ga iyayenmu surukai su sassauta harshe, su daina kiran mace juya. Muna kira ga limamai da waliyyai su riƙa tambayar takardar elektoroforez tun lokacin neman aure, ba ranar ɗaurinsa ba, su kuma rufa wa mutane asirin sakamakonsu. Ɗalibai su karanta wa iyayensu wannan bayani a gida. Maigidan da matarsa ta haura 35, suka yi wata shida shiru, ya kama hanya su je asibiti tare a wannan watan, ya kuma fara miƙa kansa ga gwaji.

Allah ya ba masu nema zuri'a ɗayyiba, ya sauki masu ciki lafiya, ya ba masu jinya haƙuri da lada. Allah ne mafi sani.